Yadda ake shirya bincike kan sinadaran 'ya'yan itace da kayan lambu don gabatarwa a taron masana

Duk wanda ya kammala gwaji kan sinadaran da ke cikin tumatir ko albasa ko lemo, yana kuma son ya tsaya gaban masana ya faɗi abin da ya samu, tambaya ɗaya ce za ta bi shi tun daga teburin masu tantance tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin da ake turawa, har zuwa zauren taro: abin da ka auna, shi ne kake faɗa? Ayyuka da yawa a wannan fanni alƙalumansu lafiya lau suke, amma marubucin ya auna sauyin launi a cikin kwalba, sannan ya rufe da cewa ganyen yana hana ciwon daji. Matakan da ke tafe duk a kan toshe wannan giɓi aka gina su, tare da sauran ƙananan abubuwan da kan ɓata aiki mai kyau.

Zaɓen taro

Kowane taro da irin mutanen da ke cika zaurensa. A ƙarƙashin inuwar ƙungiyar masana kimiyyar lambu ta duniya, ISHS, mai hedikwata a Leuven ta ƙasar Beljiyam, ake yin jerin tarurrukan FAVHEALTH kan tasirin 'ya'yan itace da kayan lambu ga lafiyar ɗan Adam. An fara a Quebec ta Kanada a 2005, aka yi na biyu a Houston ta Amurka a 2007, na uku a Avignon ta Faransa a 2009. A nan masu inganta iri da masana adana amfani bayan girbi suke haɗuwa da masana abinci mai gina jiki, kuma ana buga maƙalun taron a Acta Horticulturae, kundin da ƙungiyar ke fitarwa. Idan aikinka kan yadda nau'in iri ko taki ko matakin nuna ko ajiya ke sauya yawan sinadari ne, nan ne wurinka.

Taron ICPH kan folifenol (wani babban rukunin sinadaran tsirrai) da lafiya, wanda aka fara a Vichy ta Faransa a 2003, ya fi karkata ga abin da ke faruwa da folifenol bayan ya shiga jiki, da gwaji a kan mutane. Wanda ya je can da awon kwalba kawai zai sha tambaya. Ƙungiyar Groupe Polyphénols, da aka kafa a 1972, nata taron ya fi nauyi a ɓangaren tsarin sinadaran kansu da yadda tsiro ke samar da su. Masu aiki kan karotinoyid, sinadaran da ke ba karas da tumatir launinsu, kuwa suna da ƙungiyarsu ta duniya da taronsu daban.

Kada ka tsaya ga sunan taro. Nemi littafin tsakure na zama biyu da suka wuce ka duba. In ka samu ayyuka kamar goma masu kama da naka a dabara da zurfi, taron ya dace da kai. In ba ka ga ko ɗaya ba, nemi wani. Sau da yawa ana rufe karɓar tsakure watanni huɗu zuwa takwas kafin ranar taro, saboda haka ka fara shiri da kusan shekara. Tallafin tafiya na ɗalibai da ƙananan masu bincike kan rufe rana ɗaya da tsakure ko ma kafin nan, don haka ka duba shi tun ranar farko.

Akwai kuma tarurrukan bogi, kuma fannin abinci da lafiya yana cikin waɗanda suka fi yi wa yawa. Alamominsu sanannu ne: wasiƙar gayyata mai cike da yabo daga wanda bai karanta aikinka ba, karɓar tsakure cikin kwana ɗaya ko biyu, fannoni barkatai marasa alaƙa a otal ɗaya rana ɗaya, da neman a biya kuɗi cikin gaggawa. Hanyar tantancewa mafi sauƙi ita ce ka ɗauki suna ɗaya daga kwamitin da suka lissafa, ka nemo adireshinsa a shafin jami'arsa, ka tambaye shi ko ya san da taron. A 2019 wata kotu a Amurka ta umarci kamfanin OMICS ya biya sama da dala miliyan 50 a ƙarar da hukumar kasuwanci ta ƙasar ta shigar, kuma cikin zarge-zargen har da sanya sunayen masana a tallan taro ba da yardarsu ba. Shafin Think. Check. Attend. yana da jerin tambayoyin da za ka bi.

Ka san a wane tsani aikinka yake

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma kafin rubuta kalma ɗaya ta tsakure ake yin sa. Hujja a fannin nan hawa-hawa ce. A ƙasa akwai awon yawan sinadari a cikin abincin. Sama da shi akwai gwajin kwalba da kwaikwayon narkar da abinci, sai gwaji a kan ƙwayoyin halitta da aka raina a faranti, sai dabbobi, sai bibiyar jama'a shekara da shekaru a ga me suke ci da abin da ya same su, sai a can ƙololuwa gwajin da ake raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu abin, a ba wasu kwatankwacinsa da babu sinadarin a ciki. Kowane hawa da abin da ya halatta ya faɗa. Mai awo zai ce abu kaza yana ɗauke da kaza. Mai bibiyar jama'a zai ce an ga alaƙa. Mai gwajin ƙuri'a ne kaɗai yake da ikon cewa wannan ne ya jawo wancan, shi ma a kan irin mutanen da ya gwada da adadin da ya bayar.

Dalilin da ya sa masana fannin suke kaffa-kaffa da wannan yana cikin tarihinsu. A shekarun 1980 binciken bibiya ya yi ta nuna cewa masu yawan cin kayan lambu, masu yawan bita-karotin (karotinoyid ɗin da ke cikin karas) a jini, ba su cika kamuwa da dajin huhu ba. Aka ɗauka sinadarin ne. A Finland aka ba maza masu shan taba su 29,133 da suka shiga gwajin ATBC miligiram 20 na bita-karotin a rana ko kwatankwacinsa. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. Gwajin CARET na Amurka, mai mutum 18,314, wanda aka haɗa bita-karotin da bitamin A a cikinsa, an dakatar da shi a farkon 1996 kafin lokacinsa, bayan an ga ƙarin kashi 28. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tun daga nan, duk wanda ya tsallaka daga karas zuwa ƙwayar magani ba tare da hujja ba, za a tare shi.

Haka batun ƙarfin antioksidan, wato ikon sinadari na hana oksijin da danginsa lalata wani abu. A 2012 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta janye rumbun alƙalumanta na ORAC, wani awon wannan ƙarfi a kwalba, daga intanet, tana mai cewa awon kwalba ba ya nuna abin da sinadaran ke yi a jikin mutum, kuma 'yan kasuwa suna amfani da alƙaluman wajen talla. Ba a haramta yin DPPH ko FRAP, wasu awon irin wannan, ba. Suna da amfani wajen kwatanta samfur da samfur. Sai dai ka kira su da abin da suke, wato awon halin sinadari a kwalba, ka bar maganar lafiya.

Gyara alƙaluma kafin rubutu

A nan gizo ke saƙar, domin mai tantancewa da ya ƙware daga layin hanyoyin bincike yake fara karatu.

Fara da bayanin samfur. A rubuta sunan kimiyya, da nau'in iri, da matakin nuna, da lokacin girbi, da ɓangaren da aka ɗauka. Kwasetin, wani nau'in folifenol, ya fi taruwa a sassan waje na albasa, folifenol na tuffa ya fi yawa a ɓawo fiye da tsoka. Wanda ya fere da wanda bai fere ba ba za su samu lamba ɗaya ba, kuma in ba a faɗa ba babu mai iya kwatantawa.

Sai ajiya. Da zarar an yanka, inzayim ɗin da ke cikin tsiron sun fara aiki. Shi ya sa tuffa ke yin duhu, kuma wannan duhun folifenol ne ke lalacewa. A daskarar da samfur nan take, da ruwan naitirojin in akwai, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili, ko a busar ta hanyar daskarewa. Busarwa a tanda mai zafi tana sauya sakamako, don haka in ita aka yi a faɗi zafin da tsawon lokacin. Karotinoyid ba ya son haske da iska: a yi aikinsa a ɗaki mai ƙarancin haske, cikin kwalabe masu duhu, a sa ɗan BHT, sinadarin da ke hana shi lalacewa, kamar kashi 0.1 cikin ɗari, a ruwan tatsa. Antosayanin, mai ba da launin ja ko shunayya, yana son tsami, saboda haka ake tatso shi da metanol ko etanol da aka ɗiga wa asid. Bitamin C kuwa da asid ɗin metafosforik ake tsare shi. Dangin kabeji da burokoli sun fi kowa wuya. Sinadarinsu na gulukosinolet da inzayim mairosines a rabe suke a cikin ganye, yanka ne ke haɗa su, sai gulukorafanin, wani nau'in gulukosinolet, ya koma salforafen, sinadarin da Paul Talalay da Yuesheng Zhang suka ware daga burokoli a jami'ar Johns Hopkins a 1992. Mai son auna gulukosinolet dole ya kashe inzayim ɗin tukuna, galibi da metanol na kashi 70 mai zafi. Wanda ya markaɗa ɗanye ya bar shi a tebur, abin da zai auna ya riga ya canza.

Na uku, ɗanyen nauyi da busasshen nauyi. Wannan kuskure yana yawan fitowa a fosta. Tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari ruwa ne, ma'ana giram 100 na ɗanye giram 6 ne in ya bushe. Laikofin, sinadarin jan launin tumatir, miligiram 3 a giram 100 na ɗanye zai zama miligiram 50 a giram 100 na busasshe. Tumatir ɗin bai canza ba, lambar ce ta ninka kusan sau 17. A kowane jadawali a rubuta wanne ake nufi, a kuma ba da yawan ruwan samfurin. In maganar abin da mutum zai ci ake yi, ɗanyen nauyi ya fi ma'ana.

Na huɗu, iyakar kowace dabara. Folin-Ciocalteu, awon jimillar folifenol da ake karantawa a nanomita 765 a bayar da sakamako daidai da asid ɗin galik, ba folifenol kaɗai yake kamawa ba. Bitamin C da wasu sukari da wasu amino asid duk suna mayar da shi shuɗi. A lemo, ko duk wani abu mai yawan bitamin C, lambar za ta kumbura in ba a cire nasa kason ba. DPPH ana karanta shi a wajen nanomita 517, antosayanin kuma yana shan haske a wajen 520, don haka samfur ja ko shunayya yana buƙatar a auna launinsa shi kaɗai a debe. Jimillar antosayanin ana auna ta da bambancin tsami, a pH 1.0 da 4.5, a nanomita 520 da 700, kuma karatun 700 ɗin na gyara gurɓin ruwa ne, kada a tsallake shi. Layin ma'auni ya kasance da aƙalla maki biyar, samfurinka kuma ya faɗo a cikinsa. In ya wuce, a sirka a sake.

In ka yi HPLC ko LC-MS, wato dabarun rarrabe sinadarai da gano su a na'ura, bambanta abin da ka tabbatar da abin da kake kyautata zato. Sinadarin da ka gwama da tsantsarsa da aka saya, lokacin fitowa da sauran alamomi suka zo ɗaya, shi ne tabbatacce. Wanda nauyinsa kawai ya yi daidai da na rumbun bayanai, zato ne, kuma a rubuta haka. Masana metabolomiks, masu nazarin ƙananan sinadaran jikin halittu, sun tsara matakai huɗu na wannan tun 2007, kuma za a tambaye ka a wanne kake.

Na biyar, maimaici. Tatsa ɗaya da aka zuba wa na'ura sau uku samfur ɗaya ne, abin da ya nuna kawai shi ne na'urar ba ta rawa. Maimaici na gaskiya shi ne samfura daga tsirrai daban, ko fuloti daban, ko girbi daban, kowanne da nasa tatsa. A faɗi adadinsu, a kuma faɗi ko sandunan da ke kan zane SD ne, mai nuna yadda lambobi suka warwatsu, ko SE, mai nuna kuskuren da ke iya kasancewa a matsakaicinsu. Wanda ya gwada abubuwa 20 marasa alaƙa da juna a ma'aunin ƙimar P ta 0.05, iyakar da aka saba sanyawa kafin a ce an ga bambanci, ko da babu wani tasiri sam, yiwuwar ɗaya ya fito da alamar bambanci ta kai kashi 64 cikin ɗari. Saboda haka ka bayyana tun farko wane sakamako ne babban abin nema, sauran ka gyara musu lissafi.

Masu aiki da ƙwayoyin halitta da dabbobi suna da nasu tarkon, wato adadi. Folifenol ba ya isa jini a siffar da yake cikin 'ya'yan itace. Bangon hanji da hanta suna maƙala masa wasu sassa, bakteriyar babban hanji kuma suna farfasa mafi yawansa. Abin da ke yawo a jini bayan cin abinci na yau da kullum bai cika wuce 'yan maikiromola kaɗan ba, sau da yawa ma bai kai ɗaya ba. Wanda ya zuba maikiromola 100 na tsantsar kwasetin a kan ƙwayoyin hanta ya gwada abin da jiki ba ya gani. Ƙwayoyin bangon hanji ne kaɗai ke haɗuwa da adadi mai yawa a zahiri. Ga dabbobi, akwai lissafin faɗin jiki da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2005: a raba adadin ƙaramin ɓeran gwaji da 12.3, na babban ɓera da 6.2. Miligiram 100 a kowane kilo na ƙaramin ɓera ya zama wajen miligiram 8 a kilo na mutum, wato kusan miligiram 490 a rana ga mai kilo 60. In albasarka tana da kwasetin miligiram 30 a giram 100, mutum zai ci sama da kilo ɗaya da rabi kullum kafin ya kai. Yi wannan lissafi da kanka ka sa a fosta, kafin wani ya yi maka shi a bainar jama'a.

Kwaikwayon narkar da abinci kuwa yanzu yana da tsari da aka amince da shi, INFOGEST, wanda aka buga a 2014 aka sabunta a 2019: minti 2 na baki a pH 7, awa 2 na ciki a pH 3, awa 2 na hanji a pH 7, duka a digiri 37. In ka kauce masa ka faɗi dalili. Abin da yake nunawa shi ne adadin da ya saku daga abinci, bai nuna wanda ya shiga jini ba.

Gwaji a kan mutane yana buƙatar lambar amincewar kwamitin ɗa'a da lambar rajista a rumbu irin ClinicalTrials.gov, kuma kafin a ɗauki mutum na farko ake rajistar. A bi ƙa'idar CONSORT wajen ba da rahoto, masu bibiyar jama'a su bi STROBE, masu dabbobi ARRIVE.

Rubuta tsakure

Yawanci kalma 250 zuwa 300 ake bayarwa, kuma shafin karɓa yakan yanke abin da ya wuce. Jimla biyu sun isa shimfiɗa. Kowa a zauren ya san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a rana, ba sai ka ƙona kalma 40 a kai ba. Jimla ɗaya ta manufa, uku ko huɗu na hanyoyi, sannan mafi girman kaso ya tafi ga sakamako da lambobinsa: ya tashi daga kaza zuwa kaza, a samfura kaza, da tazarar tabbaci ko ƙimar P. Tsakuren da ya ce za a tattauna sakamako a taro yana gaya wa mai tantancewa cewa ba a gama aikin ba. Jimlar ƙarshe ita ce wurin haɗari. Karanta ta ka tambayi kanka ko wace lamba ce a sama ta goya mata baya. In babu, goge ta.

Take ma haka. Wanda ya faɗi abin da aka samu, misali cewa turarawa ta fi tafasawa riƙe gulukosinolet a kabeji, ya fi wanda ya ce nazari kan tasirin girki. Kowane marubuci ya ga tsakuren ya amince kafin a tura, a kuma bayyana wanda ya ba da kuɗin binciken. A fannin nan ƙungiyoyin manoma da kamfanonin abinci suna ɗaukar nauyin ayyuka da dama. Wannan ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Tun da da Turanci ake yawancin tarurrukan, ba wa mutum biyu su karanta, ɗaya ɗan fannin, ɗaya wanda harshen ya zauna masa. Ka tura kwana biyu ko uku kafin rufewa, ka kuma lura da agogon ƙasar da aka yi amfani da shi.

Da zarar an karɓa, nemi wasiƙar gayyata ka shiga neman biza ba ɓata lokaci. Tarurruka da yawa suna cire tsakuren wanda bai yi rajista ba zuwa wata rana da suka sa.

Fosta da jawabi

Girman da aka fi nema shi ne A0, milimita 841 da 1189, amma duba ko a tsaye ake so ko a kwance, domin allon ba zai canza saboda kai ba. Take ya kai girman harafi lamba 70 zuwa 90, jikin rubutu kada ya gaza 24, ta yadda za a karanta daga nisan mita ɗaya da rabi. Babban sakamakon ya zauna a sama ko a tsakiya, cikin zane guda mai girma, da jimla ɗaya a kansa da ke faɗin abin da zanen ya nuna. Kowane gefen zane ya ɗauki ma'auninsa cikakke. Guji haɗa ja da kore don bambanta rukuni, domin mutane da yawa, musamman maza, ba sa rarrabe su. In samfura ba su da yawa, nuna kowane ɗigo maimakon sanda kawai. Mayar da fayil ɗin PDF, ka buga ƙarami a A4 ka duba: alamar maikiro ita ce ta fi yawan rikiɗewa zuwa wani harafi, sai maikirogiram ya koma miligiram. Riƙe fostar a hannu a jirgi, ko ka buga a ƙyalle mai naɗuwa.

Shirya bayanin baki iri biyu, na minti ɗaya da na minti biyar. Ka tsaya a wurinka duk tsawon lokacin da aka ware, domin manyan masana sukan zagayo ne a ƙarshe.

Jawabi galibi minti 12 ne da 3 na tambayoyi. Shafukan majigi 10 zuwa 12 sun isa, magana kuma wajen kalma 1,500. Gwada da agogo, da murya a sama, aƙalla sau uku. Masu farawa sukan cinye rabin lokaci a shimfiɗa sannan su bi ta kan sakamako a guje. Zuwa minti na huɗu ya kamata ka shiga sakamako. Ajiye shafuka biyu ko uku a bayan na ƙarshe, masu ɗauke da layin ma'auni da hoton fitowar sinadarai daga na'ura da lissafin adadi, don amsa tambaya.

Tambayoyin da za su zo

Kusan a san su tun kafin a je. Nawa mutum zai ci ya samu wannan adadi? Ka auna abin da sinadarin ya rikiɗe ya zama a jini ko fitsari, ko uwar sinadarin kawai? Wannan ta biyun tana da nauyi. An daɗe ana ɗauka cewa ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na antosayanin ke shiga jiki, sai wani gwaji da aka buga a 2013, da aka yi da antosayanin mai alamar kabon-13, ya nuna aƙalla kashi 12, domin mafi yawansa a siffar ƙananan ɓaraguzai yake yawo.

Za a tambayi girki da mai. Laikofin na tumatirin da aka dafa aka markaɗa ya fi na ɗanye shiga jiki, kuma karotinoyid gaba ɗaya yana buƙatar ɗan mai a cikin abincin. Za a tambayi bambancin mutane: daga sinadaran rumman, bakteriyar hanjin wasu suna samar da wani sinadari mai suna urolitin iri kaza, na wasu wani iri, wasu kuma ba sa samarwa ko kaɗan, saboda haka matsakaicin lamba na iya ɓoye rukuni biyu mabambanta. Mai bibiyar jama'a za a tambaye shi taba da motsa jiki da samun kuɗi, tun da masu yawan cin kayan lambu sukan bambanta da sauran ta waɗannan fuskoki, da kuma ko ya tabbatar da abin da mutane suka ce sun ci ta hanyar awon karotinoyid a jini ko furolin-betayin a fitsari, wanda ke nuna cin lemo. Akan kuma tambayi illa. Garehul yana ɗauke da sinadaran da ke toshe inzayim CYP3A4 a hanji, har wasu magunguna su taru a jini fiye da ƙima. Fitowa daga tsiro bai wanke sinadari daga wannan tambaya ba.

Saurari tambaya har ƙarshe, maimaita ta a taƙaice don na baya su ji, sannan ka amsa. In ba ku auna abin ba, ce ba ku auna ba, ka faɗi abin da za a buƙata a auna shi. Rubuta tambayoyin da zarar ka sauka, domin su ne masu tantance mujalla za su sake yi maka.

Abubuwa uku da ake mantawa

In akwai niyyar neman haƙƙin mallakar ƙirƙira a kan wata dabarar tatsa ko wani haɗi, a shigar da takarda kafin tsakure ya fito. A Turai bayyana abu a fosta ko littafin taro yana kashe sabuntarsa. Amurka tana ba da rangwamen wata 12, amma a can kaɗai yake aiki.

Tsakure ba ya hana buga cikakken aiki a mujalla daga baya, amma cikakkiyar maƙala a kundin taro tana iya hanawa, domin wasu mujallu suna ɗaukar ta a matsayin bugu na farko. Karanta ƙa'idar mujallar da kake hari kafin ka miƙa wa kundin duk alƙalumanka.

A taro ne ake ƙulla alƙawarin aika samfur zuwa ɗakin gwajin da ke da na'urar da ba ka da ita. Kafin iri ko ganye ko abin da aka tato ya tsallaka iyaka, a sa hannu a yarjejeniyar miƙa samfur tsakanin cibiyoyin biyu, a rubuta wa zai auna me da yadda sunaye za su fito a maƙala, a kuma duba dokokin ƙasar da tsiron ya fito a ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014. Ɗanyen tsiro da iri suna buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai. Busasshen gari da aka rufe ba iska, a cikin leda mai hana haske, ya fi jure tafiya, kuma a bar kaso ɗaya a daskare a inda aka shirya shi domin a gwama sakamakon ɗakunan gwajin biyu.